Sana'ar Mai Neman Jikata

Ranar da aka ɗora mini binciken mai neman jikata, ina zaune ne a falo bayan azahar ina fama da ƙayar kifi a tsakanin 'yan haƙoran da suka rage mini. Tsohuwata, wato matata, ta shigo ta zauna nesa kaɗan, irin zaman da take yi in magana mai nauyi ce, ta ce yarinyar nan ta kawo miji.

Na ce, "Wane irin miji kuma, ni mutuwa na yi?"

Ta ce, "Alhaji, ajiye wasan jika gefe. Wannan da gaske ne, kuma kai ne waliyyi."

Gaskiyarta. Uban yarinyar ɗana ne na fari, ya rasu tana ƙarama, a hannunmu ta tashi a wannan gida namu na unguwar Nuzla a Jidda, hawa na uku. Ta yi karatunta, tana aiki a wani ɗakin gwajin jini a Sharafiyya, ita ke gaya mini abin da zan ci da abin da zan bari. Ita ta zaɓi mutuminta, babu mai ja da wannan. Amma in ban ce na bayar ba, ba a ɗaura ba, kuma da bakinta ta ce ba za ta tsallake maganata ba. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali. Da cewa ta yi ko na yarda ko ban yarda ba sai ta aure shi, da na sami sauƙi, in yi faɗana in huta. Sai ta ɗauki rayuwarta ɗungurungum ta aza a hannun mutumin da karatunsa bai wuce ya gane lambar mota da sunan titi ba.

Asalin yaron bai ba ni wahala ba. Kakansa abokin dakona ne a mina, tashar jiragen ruwa, tare muka yi ta saɓa buhu har Allah ya karɓi abinsa. Kakarsa na nan da ranta a Sharafiyya. A Jidda aka haife shi, bai gama zama mutum ba ubansa ya sami hanyar Amurka ya kwashe su. Addini kuwa an shaida mini yana salla, ya ma zo umara bara, a gidan kakar tasa suka ga juna da jikata. Saura sana'a. Mu kuwa ba ma ba da mace sai babba ya ga abin da mutum ke yi ya ci, da idonsa in da hali.

Da ta dawo daga aiki na ce, "Zo nan, amarya. Wannan da zai ƙwace mini ke, me yake yi?"

Ta ce, "Ƙwallo yake bugawa, ya jaddi." Haka take kirana, wato kakana, da Larabcinsu na 'yan Jidda.

Sai na ji sanyi. Ƙwallo na sani, na sha kallonta a gidan shayi, na ma san 'yan ƙwallo ba sa kwana da yunwa. Na ce gaba yake bugawa ko baya?

"Tsakiya. Senta ake ce masa. Amma ba irin wadda ka sani ba ce, ta Amurka ce, da hannu ake yi."

"Gola ne ke nan."

"La, ba gola ba."

"Yana kama ƙwallo da hannu, kuma ba gola ba, kuma alƙali na kallo?"

Ta yi dariya ta ce ya gama jami'a, a can ya buga wa makarantarsu, yanzu wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Ta zauna kusa da ni ta buɗe wayarta ta ce in gani, tunda gani ya kori ji. To ni dai ranar nan gani bai kori komai ba, ƙaro mini ya yi.

Wasu ƙattai ne na gani sanye da hular kwano mai ƙarfe a fuska, kafaɗu kamar an cusa musu matasan kai, wando kuma ya ɗame su kamar na 'yan tsere. Sun yi layi biyu suna fuskantar juna. Ƙwallon ma ba ƙwallo ba ce, wani abu ne mai kama da gwanda. Na ce wanne ne namu? Ta ce wanda ya duƙa a kan ƙwallon. Na ce ai duk sun duƙa. Ta sa yatsa ta nuna mini na tsakiya. Mutum ne gajere a cikinsu, amma faɗinsa ya kai ƙofar shago. Kafin komai sai ya ɗago kai yana nuna mutanen ɗaya ɓangaren da yatsa, wannan, wancan, yana ta magana. Na ce a raina, to, ga hali na farko, mai neman faɗa ne, ba a fara ba ya soma zagi.

Sannan wani siriri ya zo ta bayansa, ya matso, ya ƙara matsowa, ya sunkuya ya zura hannuwa biyu a ƙarƙashinsa. Ban san lokacin da na kife wayar a cinyata ba, na waiga in ga ko tsohuwa na kallo.

Jikata ta ce, "Jaddi, ƙwallon zai karɓa."

"Babu wata hanyar da za a miƙa masa? Ba zai zagayo ta gaba su yi sallama ba?"

Ta ɗago wayar. Namu ya tura gwandar ta tsakanin ƙafafunsa, siririn ya karɓe ya ja da baya, sai kawai wani ƙato ya zo ya yi karo da namu kamar raguna. Suka riƙe juna suna nishi. Can wani ya faɗi a wani wuri daban, aka busa usur, kowa ya tashi, suka je suka yi ƙus-ƙus, suka dawo suka sake layi ɗan gaba kaɗan da inda suke. Ya sake duƙawa.

Na ce, "Sai yaushe za a maido masa ƙwallon?"

"Ba a maido masa."

"Ya taɓa ci?"

"Ba aikinsa ba ne."

"Yana gudu?"

"Kaɗan."

"To me aka ɗauke shi ya yi?"

Ta yi ɗan tunani ta ce, "Ya tsaya. Kada a wuce ta kansa."

Mutum ne farkon wanda ya taɓa abu, ya bayar ta baya ba tare da ya ko waiwaya ba, sannan ya tsaya a bangaje shi. Na kwana biyu ina juya wannan a kaina, na kasa gane ko shi ne babba a cikinsu ko shi ne wanda aka raina.

Da ya ishe ni sai na tafi wurin abokina mai tsire, a bakin layinmu. Shi ne masanin Amurka a unguwa, don ba ya fashin kallon 'yan kokawarsu a talabijin, kuma yana da wani ɗan ƙanen uwa da aka ce yana tuƙi a can. Na sa jikata ta tura masa hoton. Ya goge hannu a riga, ya ƙura ido, yana gyaɗa kai kamar likita.

Ya ce, "Alhaji, wannan kokawa ce. Ƙwallon nan hujja ce kawai, don kada hukuma ta ce faɗa ake yi."

"To shi namu fa?"

"Shi ne babbansu. Duba mana. Sahu ne suka yi, shi yana tsakiya, babu mai motsi sai ya motsa. Kamar liman."

Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce to ladan. Da ya sake kallo ya ga yadda ƙaton can ya kai namu ƙasa ya zauna a kansa, sai ya canja fatawa, ya ce wataƙila horo ake yi masa, sabon zuwa ne. Na tashi da tsire a takarda da ruɗani biyu a maimakon ɗaya.

Jikata ta ga na fara yi mata kallon tausayi, sai ta ce bari ta kawo mini maganar masana, mutanen da aikinsu ke nan su auna 'yan wasa. Ta nuna mini wasu mutum biyu da kwat suna zaune a tebur, hoton yaronmu a bayansu, tana fassara mini. Na ɗaya ya ce yana da kai, yana karanta abin da abokan gaba za su yi tun ba su yi ba. Na biyu ya ce haka ne, amma hannunsa gajere ne. Na ɗaya ya ce ƙugunsa na ƙasa, in ya dasa ƙafa ba ya ja da baya. Na biyu ya ce in aka haɗa shi da dogo mai zafin nama zai sha wuya, shi ya sa ba a ɗauke shi da wuri ba, sai can wajen ƙarshe.

Na ce, "Hannun nasa wani ciwo ya yi?"

"Lafiyarsa lau. Awo ne, sun auna."

Ta nuna mini wajen awon. Ga yaron mutane da gajeren wando, babu riga, ana gwada tsawon hannunsa da faɗin tafinsa, an ɗora shi a sikeli, an sa shi gudu da tsalle, wasu na zaune a sama suna kallo. Ni da na je binciken ko mutum zai iya riƙe mata, sai na tarar wasu sun riga ni, sun duba shi tsaf kamar ragon layya, saura haƙora kawai, kuma su ma ba su daidaita ba.

Wajen nan wani abu ya taso mini. A mina da can, da asuba muke taruwa a bakin ƙofa, shugaban 'yan dako da muke ce wa rayis ya fito yana bi yana kallon wuya da gwiwa, yana cewa kai, kai, kai. Waɗanda aka fara nunawa su ke samun shinkafa da sukari. Na ƙarshe su ne na siminti. Ni ɗan siminti ne mafi yawan lokuta, don Allah bai ba ni tsawo ba. Na ji yaron ya ɗan shiga raina.

Sai na ce, "To shi me ya sa ya zaɓi wannan ƙungiyar?"

"Ba shi ya zaɓa ba. Su ke zaɓa, bi da bi. Wanda ya kira sunanka shi ke nan."

"In garin bai yi masa ba fa?"

"Haƙuri zai yi. Ba zai buga wa wasu ba."

"In su suka gaji da shi?"

"Za su iya ba wata ƙungiya shi, ko su sallame shi."

Na ce, "Ai kafili ke nan."

Ta ce a'a. Na ce to gaya mini bambancin. Ta buɗe baki, ta koma Larabci, ta dawo Hausa, ta ce dai ba ɗaya ba ne. Ni kuwa ban ji bambancin ba. Mutum ya kira sunanka, ka zama nasa, ba ka aiki wa kowa sai shi, in ya so ya miƙa ka ga wani. Wannan abu ba labari aka ba ni ba. Na zo aikin haji ina saurayi na maƙale, na yi shekaru ina laɓe-laɓe, kafin in sami kafili, wanda ya tsaya mini na yi iƙama, takardar zama. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma ko kafili na kirki kafili ne. Na san wanda uwarsa ta rasu a gida, fasfonsa na cikin durowar wani, aka yi sadakar bakwai yana sauke siminti. An ce yanzu abubuwa sun sassauta, na ji, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Daga ranar dariyar ta ragu. A nan in wani abu ya sami yarinyar nan, akwai ni, akwai tsohuwa, akwai layin nan gaba ɗaya da ya san ubanta. A can za ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya, shi kuma yana rataye a hannun wasu masu kwat da suka riga suka ce hannunsa gajere ne. Na daina ce mata amarya. Ita ma ta lura, takan ajiye mini magani ta wuce ba tsokana.

Na gaya wa tsohuwa abin da ke raina, cewa ba na jin zan ba mai kafili jikata. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Kai da na aura, ko kafilin ba ka da shi."

Na ce wannan zamani ne daban. Ta ce eh, a zamanin ma in ka ji jiniya ƙarƙashin gado kake shiga. Na bar maganar, don ba a yin musu da wanda ya ga mutum a ƙarƙashin gado.

Ana nan sai aka ce yaron ya sami hutu ya zo umara, zai zo gaisuwa. Na shirya masa. Akwai wani tsohon firji da ya mutu mana tun tuni, yana tsaye a bakin ƙofa, tsohuwa na ta mita a fitar da shi. Matakalar gidanmu kuwa ƙunci gare ta, da kwana mai kaifi. A mina in muna son sanin sabon mutum, ba tambayarsa muke yi ba. Kaya mai nauyi muke haɗa shi da wani su sauko da shi, a sa shi ta ƙasa, inda nauyin ke taruwa. A nan ake gane mai saki, da mai ƙorafi, da mai yin shiru ya bar na sama ya yi ta lalube. Tunda na kasa gane sana'arsa, na ce bari in auna shi da tawa. Na gaya wa mai tsire ya zo bayan la'asar ya kama ta sama.

Da yaron ya shigo sai da ya karkata kafaɗa. Hoto bai faɗi gaskiya ba. Wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, falon ya cika. Hausarsa irin ta waɗanda suka bar gida da wuri ce, yana ji sarai, amma in zai faɗa sai ya yi ta lalubo kalma, in ta ƙi ya cike da Larabci.

Bayan an sha shayi na ce, "Ɗan nan, fasfonka yana hannun wa?"

Ya dube ni, ya dubi jikata da ke tsaye bakin labule, ya sa hannu a aljihu ya fito da shi.

"In ka koma za su karɓa?"

"A'a, Kaka."

"Za su iya ba wasu kai?"

"Za su iya."

"Za su iya korarka?"

"Za su iya. Kafin a fara wasanni suna rage mutane. Ni na ƙarshe-ƙarshe ne, ban da tabbas. Akwai wani a gabana, ya daɗe, ya fi ni."

Na so ya yi mini 'yar ƙarya, irin ta masu neman aure, in kama shi. Bai yi ba. Na ce in an kore shi fa? Ya ce ya karanci koyar da motsa jiki, zai nemi makaranta. Na ce to wancan siririn da ke tsayawa a bayanka, ɗan gidan wa ne? Jikata ta saki labule ta gudu ciki. Shi kuwa ya amsa da gaske, ya ce mutumin kirki ne, yana da 'ya'ya biyu.

Can mai tsire ya iso. Na miƙe kamar abin yanzu ya faɗo mini, na ce af, tunda ga ƙarfi ya zo gida, a taimaka a sauke mana firjin nan. Yaron ya fito ya dubi firjin, ya leƙa matakalar. Sannan ya ce, "Kaka, ka yi haƙuri. An hana ni. Sun ce kada in ɗauki nauyi in ba a wurin aiki ba, in na ji ciwo a nan, halas, tawa ta ƙare. Bari in kira masu aikin, yanzu za su zo."

Na dubi mai tsire, mai tsire ya dube ni. Ga mutum mai ture ƙattai, firjin gidan surukai sai da izinin kafili. Kuma wai ni za a kira wa 'yan dako. Ni.

Na ce, "Bar shi, ɗan nan, kada a yi maka faɗa. Mu da ba mu da mai hana mu, bari mu gwada."

Tsohuwa ta ce daga ciki, "Alhaji, bayanka." Na yi kamar ban ji ba. Na naɗe jallabiya, na shiga ta ƙasa, mai tsire ya kama ta sama. Yaron ya rasa yadda zai yi, ya matse ya wuce ni ya tsaya a ƙasa da ni yana cewa Kaka don Allah. Muka kwantar da firjin, muka sauko taka ɗaya, biyu. Wallahi a farko na ji daɗi, jikina ya tuna. Abin da na manta shi ne hannun mai tsire bai taɓa rabuwa da mai ba tun da na san shi. Muna isa kwana na ji ya ce, "Alhaji, ya tafi."

Abin da ya biyo baya ban gan shi duka ba. Na ji an kama ni ta ƙugu an ɗaga kamar buhun auduga an ajiye ni a baya. Na ji wani ƙara, dum, gidan ya amsa. Da na buɗe ido ina zaune a kan matakala, hulata ta yi nata wuri, a gabana kuwa babu abin da nake gani sai bayan yaron nan. Ya buɗe ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa, ƙugu a ƙasa, kai a sama, firjin na kan ƙirjinsa da tafukansa. Takalminsa ya ɗan zame, sannan ya tsaya. Ni kuma, Allah ya sani ban yi niyya ba, hannuwana biyu na riƙe da shi ta baya, daidai inda siririn nan ke tsayawa.

Bai ce wayyo ba, bai ce na gaya maka ba. Sai ya fara magana, da ƙarfi amma ba tsawa, yana nuni da haɓa tunda hannu ba dama. Ya ce da mai tsire ya kama ta dama, ta ƙasan ƙarfen, ba ta sama ba. Ya ce da ni in sauka taka uku in manne da bango. Ya ce da jikata, da ta fito a guje, ta janye igiyar wutar daga ƙarƙashin ƙafarsa. Kowa ya yi abin da aka ce. Sannan ya ce yalla, shwayya shwayya, wato mu je sannu-sannu, suka sauko da shi har ƙasa yana kiran kowace taka. Ina manne da bango sai na gane nunin yatsan nan da na ɗauka zagi ne. Ashe rabon aiki yake yi, kowa da wanda zai tare.

Da muka hau sama, kafaɗarsa ta yi ja ta fara kumbura. In na karya wa yaron mutane sana'a saboda mataccen firji, da wane ido zan kalli kakarsa? Jikata ta kawo ƙanƙara daga maƙwabta, tana sa masa, ba ta ko kallona.

Na matsa na ce a hankali, "In kafilin ya tambaya, ka ce a wajen ɗawafi aka matse ka."

Ya yi dariya har ƙanƙarar ta faɗi. Ya ce zai gaya musu yadda aka yi, ba wani abu ba ne, tsoka ce. Na ce to in ya zo wajen bayani kada ya ce tsoho ne ya ja, ya ce mai tsire ne. Mai tsire ya ce shi tun farko ya faɗa, mutumin nan liman ne.

Bayan magariba, da suka watse, na kira jikata. Ta zo ta tsaya daga nesa.

Na ce, "Amarya, na sake ki. Je ki gaya wa kakarsa su turo manya."

Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwata, gwiwar da ke mini zogi, na daure. Na ce amma da sharaɗi. Fasfonta a jakarta zai zauna, ba a tasa ba, ba a ta kowa ba. Kuma ta nemi aikinta na jini a can, kada ta zauna jiran masu kwat.

Ta ce, "Jaddi, a can ba mai riƙe wa wani fasfo."

Na ce, "Na ji. A jakarki dai."

Ban ce na gane ko kafili ne ko ba kafili ba, har gobe ban gane ba. Abin da na sani shi ne an hana shi, ya kiyaye hanin har ya yarda in raina shi, amma da firji ya taho kan tsohon da ya ja wa kansa, bai tsaya neman izini ba.

An ɗaura, ta tafi. Ɗakinta na nan yadda ta bar shi, maganina kuwa yanzu tsohuwa ke ba ni, da baƙar magana a kai. Ba su kore shi ba, amma ba su cika sa shi ba, yana nan dai bayan wancan da ya fi shi. Takan turo mini hoto in an sa shi, in tafi wurin mai tsire mu kalla. Har yanzu ban san wa ke ci ba sai ta faɗa. Ban san me ya sa ake tsayawa kowane lokaci a yi ƙus-ƙus ba, ban san me alƙalin ke jefa ƙyalle a ƙasa don shi ba, mai tsire ya ce hanci yake sharewa ya suɓuce. In layin ya tsaya nakan sa yatsa in nemo mai faɗin nan na tsakiya. In siririn ya matso ta baya, mai tsire yakan kawar da kai. Ni kuwa na daina kife waya, nakan ce masa ya bar bawan Allah, wurin nan na taɓa tsayawa, babu inda ya fi shi lafiya a filin.